Malamar Kurame a Baƙuwar Kasuwa

Ka zo kana ƙorafi an tura ka koyarwa a makarantar kurame, wai an kashe maka gaba. To, zauna ka ji. An yi wata malama da ta shafe shekara ashirin da ɗoriya tana koyar da kurame, yaran da wasu iyayen kan kawo su ajiye kamar an sauke kaya. Ita kuwa Allah ya yi ta da ƙafar yawo. Ranar da aka ba da hutu ranar take ɗaure jaka, duk garin da ta ji sunansa a bakin kwandasta ya yi mata daɗi, can za ta. 'Yan'uwa sun yi faɗa har sun gaji. Wani hutu ta sauka a wani gari ranar kasuwa. Ba ta san kowa ba, ba ta kuma san cewa a watan nan yara biyu sun ɓace a garin ba. A gaban rumfar wata mai tattasai ta ga yarinya 'yar shekara shida, mai babur na ta danna mata hon a baya, ko gezau. Nan take malama ta gane kurma ce. Hali zanen dutse, sai ta durƙusa ta yi mata gaisuwar kurame da hannu. Yarinya ta zuba mata ido, ta kwaikwaya. Malama ta sake yi, yarinya ta yi dariya, ta matso ta kama mata mayafi.

Uwar, wato mai tattasan, ta juyo ta ga baƙuwa na murza yatsu a fuskar 'yarta, 'yar da ba ta yarda da kowa ga ta ta manne mata. Ta ƙwalla ihu: “Jama'a, ga ɓarauniyar nan! Asiri take yi mata!” Kafin ka ce kwabo kasuwa ta watse ta dawo kan malama. Aka zazzage jakarta, sai ga hotunan ɗalibanta, yara sun fi talatin. Shi ke nan, magana ta ƙare. Tana rantsuwa, tana faɗin sunan makarantarsu, ba mai saurare. Dutsen farko ya same ta a kafaɗa. Ta ga wani ya mirgino taya, ta ji warin fetur. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba. Ta fara kalmar shahada, tana tuna cewa ba ta faɗa wa kowa inda za ta ba, ko tokarta ba wanda zai san inda zai nema.

A bakin kasuwar akwai wani tela, shi ma kurma. Bai ji ihun ba, gudun mutane ya gani ta ƙofar shago, ya bi su. Ya kutsa, ya dubi malama sau ɗaya, ya faɗa gabanta, dutsen da aka nufe ta da shi ya fasa masa goshi. Ya tambaye ta da hannu me ya faru, ta nuna masa. Ya zaro allin da yake zana yadi da shi, ya rubuta a jikin wani ƙyaure da manyan baƙaƙe: “Malamata ce. Ita ta koya mini rubutun nan. Gaisuwa take yi.” Wani dattijo ya karanta da ƙarfi, ya maimaita. Duk garin an san telan, shi ke ɗinka musu kayan salla, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Hannaye suka fara sauka. Mai taya ya sulale, uwar yarinyar ta tsuguna ta rufe fuska.

Malama ta yi ta kallon mutumin nan mai gemu, wallahi ba ta gane shi ba. Da hannu ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya share jini, ya amsa da yatsu: shi ne wanda ya yi shekara biyu a ajinta bai iya rubuta sunansa ba, kowa ya ce a mai da shi gida, ita ta ƙi.

Shi ya sa Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.