Madafa a Bayan Gida

Kwana na shida da fara aikin, magini ya rushe murhun da ya gina da hannunsa, ya sake ɗora shi. A wannan karon ya rage masa layin bulo biyu.

Shekara goma sha ɗaya matarsa tana roƙon ya yi mata madafa a bayan gida, inda hayaƙin itace ba zai shiga ɗakuna ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, sai ya gama aikin mutane. Yanzu da take birni, kwana ashirin ke nan, ya ajiye aikin mutanen gaba ɗaya.

Ba ya sauri, ba ya hutawa. Ya kwaɓa siminti, ya jera bulo, ya ci abin da maƙwabciya ta aiko ba tare da ya san me ya ci ba.

Yayansa, wanda gonarsa ke jikin katangar gidan, ya leƙo da hantsi. Ya tarar da shi zaune kan kujerar roba a gaban murhu, yana miƙa hannu zuwa bango yana sa alama da gawayi.

"Gini a zaune? Tsufa ya zo ke nan," in ji Yaya. Ya dubi faɗin ƙofar. "Wannan kuma saniya za a riƙa shigarwa? Kuma ba ka yi mata dokin ƙofa ba. Ruwan sama zai shigo."

"Na karkata daɓen. Zai fita."

"Kai ne magini."

Magini ya kafa kantoci a inda ya sa alamar. Ya yi wa itace ma'aji a gefen dama, kusa da bakin wuta. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafar ya zuba siminti, ya goge shi sumul, bai bar ko 'yar tsakuwa ba.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Matarsa ce, ƙanwarta ta kira mata shi kamar kullum.

"Baban yara, an ce har ka sa kwano. Ashe sai na bar gida za ka tuna da ni."

"An sa."

"Murhun fa? Na gaya maka a tsaye nake son girki. Na gaji da durƙuso, bayana ya ƙare."

Ya dubi murhun. Simintin bai gama bushewa ba.

"Ba za ki durƙusa ba," ya ce.

Ta yi dariya, ta lissafa masa tukwanen da za ta jera da waɗanda za ta zubar. Yana ta cewa to, har ta gaji ta yi masa sallama.

Ranar da aka gama, ya hura wutar gwaji. Hayaƙi ya bi bututu ya tashi sama, bai dawo ba. Ya tsaya yana kallo har itacen ya cinye. Bai ji daɗi ba, bai ji komai ba.

Sannan ya buɗe ɗakin ajiya, ya fito da keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Gobe zai je asibiti ya ɗauko matarsa, kuma likita ya bar masa shi ya gaya mata cewa ƙafafunta ba za su sake ɗaukarta ba.