Dutse Ɗaya Na Ce Ka Mayar

Maƙerin ya miƙo wa tsohuwar madubinta na tagulla da hannu biyu, yana murmushi.

"Ga shi, Iya. Shuɗin dutsen da ya fita daga idon tsuntsun nan na baya, na mayar, na liƙe da danƙo. Fuskar ma na goge miki. Haba, duk Luoyang babu madubin da ya dusashe haka! Me kike gani a ciki, hayaƙi?"

"Ɗan nan, wa ya sa ka?" ta ce. "Dutse ɗaya na ce ka mayar."

Ita da 'yar'uwarta tagwaye ne, madubi ɗaya suka gada. Tun da aka binne 'yar'uwar, ba ta ƙara barin kowa ya goge shi ba. Kullum da safe takan jingina shi kusa da kwanon kunun gero, fuskar da ke ciki dishi-dishi ta taya ta hira.

Da ta koma gida ta jingina shi inda ta saba, ta leƙa. Komai ya fito tar, har da tabon haɓarta, wanda 'yar'uwarta ba ta da shi.

Ta kifa madubin, ta sha kununta ita kaɗai.