Ba Niƙabi a Kasuwar Paiko

A bakin kasuwa ta cire niƙabinta. Tun da risho ya ƙona mata kumatu ba ta fita fuska a buɗe ba. Likitar ƙwaƙwalwa da take gani a Minna ta ce mata ta ratsa layi ɗaya kawai na kasuwar ba niƙabi.

Ta sunkuyar da kai ta shiga.

"Ke!"

Ta tsaya cak. Wata tsohuwa ta tsare ta da ido.

"Ba kya gani ne? Kin tattake mini tattasai!"

Tun daga asibiti kowa lallaɓa ta yake yi. Yau an yi mata faɗa kamar kowa. Ta durƙusa tana tsince tattasan, tana dariya har da hawaye.