Garmar Tagulla

Babu wanda ya koya mini zubin tagulla, kuma a duk kudancin Katsina babu wanda ya isa ya gyara mini aiki. Haka na faɗa a lasifika ranar da ƙungiyar manoman Malumfashi ta buɗe mutum-mutumin manomin da na zuba mata. Idan aikin ya karɓu, 'yan Funtua ma za su ba ni nasu.

Aka yaye ƙyalle, sai ga manomin riƙe da garma. Masu manyan riguna suka tafa. Manoma ba su tafa ba, sai wani daga cikinsu can baya ya ɗaga murya: "Habila, mutumin nan naka huɗa yake yi ko kwasar yashi?"

Na duba. Bakin garmar yana kallon waje, kamar shebur. Wata uku na yi ina gyara gashin-bakin manomin. Garma kuwa rabona da ita tun ina firamare.

Dariya ta ɓarke. Shugaban ƙungiya ya fara naɗe takardar yabon da zai ba ni.

Sai babana ya miƙe. Shekara talatin yana Sarkin Noman ƙauyenmu, kuma bai taɓa taka ɗakin aikina ba.

"Ku ƙyale yaro," ya ce. "Ni ya kalla ya yi. Haka na riƙe masa ita. Tsufa ya zo."

Dariyar ta koma kansa. Na karɓi takardata, ban ƙaryata shi ba.

Har yau a kasuwar Dayi, Sarkin Shebur suke kiransa. Yana amsawa.