Kanyar Bature

Asibi ta gyara shingen ƙaya, ta jefi akuyar maƙwabta da hoge, sannan ta durƙusa ta juye tulun ruwa a gindin dashen. Da Allah ya ba ta ɗa, da rainonsa bai fi wannan ba.

Abin ya samo asali ne tun shekarar da ruwan Tiga ya ci garinsu, aka maido su tudu a ƙasar Bebeji. Mijinta Idi ya shiga kwalekwalen Labaran don ya kwaso azarar tsohon ɗakinsu kafin ruwa ya rufe ta. Labaran baƙo ne mai bille a kunci, ya baro haƙar kuza a Riruwai ya koma kamun kifi. Da la'asar ya dawo shi kaɗai, rigarsa a bushe, jirgi cike da azara. Ya ce Idi zamewa ya yi. Dagaci ya ce ƙaddara ce. Kafin damina, da azarar nan Labaran ya rufe nasa ɗakin.

Tana fita takaba ta nufi kasuwar Kwanar Dangora, tana bin masu magani da tambaya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Ta dawo, amma kafin ta kai rumfarsa wata tsohuwa, wadda billenta ya nutse cikin tamoji, ta kama mata gefen zane.

"Asibi, bar na wancan. Wanda ya ci a ƙofarki zai faɗi, a kama ki."

Tsohuwar ta buɗe ƙwarya, ga ɗan dashe mai sheƙin ganye. Ta ce sunansa kanyar Bature, daga lambun wani Baturen kuza aka samo. In ɗansa ya nuna, cikinsa baƙi ƙirin ne, wanda ya ci zai kwanta kamar mai barci, ba alama.

"Amma sai kin yi haƙuri, 'yar nan. Kada kuma ki kuskura ki ɗanɗana."

Tsohuwar ko kwabo ba ta karɓa ba.

Haƙuri kuwa Asibi ta yi shi. Da bazara ta kafa masa rumfar zana don kada rana ta ƙone shi. Da rani, safe da yamma tana hanyar rafi. Ta zuba takin tumaki nesa da jijiya, ta barbaɗa toka saboda gara, ta sassare rassan da suka harɗe. Masu neman aurenta suka gaji suka janye. Duk ranar da Labaran ya wuce da komarsa ya ce, "Sannu da aiki, Asibi," sai ta amsa, "Yauwa, sannu," ta ƙara wa itacen ruwa.

Itacen ya wuce tsayin danga, ya yi fure, furen ya kakkaɓe. Ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Shekara ta zagayo ya sake fure, wannan karon 'ya'ya suka kama, koraye, kamar manyan tumatir.

Ta tsinki ɗanye guda, ta daka, ta zuba a wani ɗan kududdufi a bayan gari. Kafin ta miƙe, ƙananan kifaye sun taso ciki sama. Asibi ta yi dariyar da rabonta da ita tun Idi yana raye. In ɗanye ya yi haka, ina ga nunanne?

Ta zaɓi huɗu manya, ta rufe su a ƙwarya har suka yi laushi. Ta fasa ɗaya: baƙi kamar kwalta, ba wari. Ta wanke hannu da toka.

Da hantsi ta same shi a bakin ruwa yana ɗinkin koma.

"Malam Labaran, ga 'ya'yan fari na itacena. Na ce maƙwabci ne ya kamata ya fara."

"Kai, madalla. Allah ya yi albarka."

Ya yi bisimilla, ya sa yatsa ya kwaso. Ta tsaya tana kallon maƙoshinsa yana hawa yana sauka. Ya cinye ɗaya, ya ƙara na biyu, ya tofar da ƙwallayen a tafinsa ya zuba a aljihu. Ta jira idonsa ya lumshe. Ta jira kansa ya langaɓe. Shi kuwa sai suɗe yatsu yake, kamar wanda aka ba zuma.

Da ya gama na uku ya miƙa mata ƙwaryar, ya ɗauki allurarsa.

"Ya ma fi na Riruwai zaƙi," in ji shi. "Allah ya ji ƙan Innata. Ranar da ta kai miki dashen nan ta ce, in ta bari kika sayi guba ta gaske, ba zan ga damina ba."