Rijiyata Suka Yi Wa Allura

Tun da ƙasa ta fara haɗiye gidaje, doka ta ce duk ramin da na'ura ta gano a yi masa allura ya daskare. Jiya ina kasuwa masu allurar suka shiga gidana, suka ɗura wa rijiyata wannan kunun simintin nasu. Da safe na zura guga, sai na ji ƙwal, dutse.

Na je ofishinsu. Wani mai tabarau ya ce, "Inna, ai gidanki ya daina nutsewa."

"Kai ɗan nan, rijiya ce! Ko akuyata ta san ta."

"Na'ura rami ta gani."

Na cire takalmi, na ɗauki gorar ruwan da ke teburinsa, na fara alwala a kan dardumarsa. "La'asar ma nan zan zo. Ka gaya wa na'urar."