Faifan da Masu Shayi Suka Wawashe

Driss ya faɗo ɗakin da suke gwajin kiɗa a guje, jita na reto a bayansa.

"Anwar, faifanmu ya ƙare a kasuwa. Ko ɗaya bai rage a Kazablanka ba!"

Anwar mai ganga ya wurgar da sandunansa. "Kiɗan rok ɗin da uwata ta ce kamar ana rushe gida?"

"Shi fa. Wai masu gidajen shayi ne suka wawashe shi."

Suka yi ta tsalle kamar yara. Suka ƙwama baƙin tabarau, sai gidan shayin Alhaji Bushaib, a je a ga masoya.

Wurin maƙil da tsofaffin nan masu wuni a kan kofi ɗaya. Da Alhaji ya ga baƙi tsaye babu wurin zama, sai ya kunna faifan. Jitar Driss ta tsala ihu. Kafin Driss ya gama gyara kwalar rigarsa, kujeru sun yi wayam.

Alhaji ya gane shi, ya sumbaci goshinsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekara da shekaru na rasa yadda zan tashe su." Ya nuna wani tsoho da ya rage a lungu yana kaɗa ƙafa. "Amma ku hanzarta da na biyu. Sun fara sabawa."